Idon Matambayi da Jikokinsa

Wanda ya hau motar Gwarzo daga Kano, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ratsa ƙasar Rimin Gado da ta Kabo, zai yi tafiyar kimanin kilomita 70 kafin ya sauka. In ya tambayi mutanen tasha abin da garin ya yi suna a kai, za a lissafa masa malamai da 'yan siyasa da manyan ma'aikatan gwamnati. Da wuya a sami wanda zai ce masa ɗan garin nan ne ya rubuta labarin ɓarayi na farko da aka buga da Hausar boko a matsayin littafi mai zaman kansa. Sunan marubucin Malam Muhammadu Gwarzo, littafin kuwa Idon Matambayi.

Asalin abin gasa ce. A 1929 Turawan mulki suka kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna a Zariya ƙarƙashin wani jami'in ilimi, Rupert East. Aikinta na farko juya littattafan Larabci da na Turanci zuwa Hausa domin 'yan makaranta. East ya lura cewa yaro ba ya ƙwarewa a karatu in ba shi da abin da zai karanta don jin daɗi, saboda haka a 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon masu ilimi su ƙago labari su rubuta. Bai sha da daɗi ba. A wurin malaman lokacin, alƙalami na ilimi ne da wa'azi da tarihi, tatsuniya kuwa aikin tsofaffin mata ce da yara bayan sallar isha'i. Waɗanda suka amsa kiran galibi samari ne da suka bi ta Kwalejin Katsina ko suke koyarwa a makarantun boko.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri. Abubakar Imam ya kawo Ruwan Bagaja, yayansa Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar, John Tafida na Wusasa da shi East ɗin suka haɗa hannu a kan Jiki Magayi, sai Muhammadu Gwarzo da nasa. Biyu daga cikin biyar ɗin, wato Idon Matambayi da Jiki Magayi, a kan aikata laifi suka ginu. Ɗaya sata, ɗaya ramuwar gayya. Ke nan tun ranar da aka haifi ƙagaggen labarin Hausa, da ɓarawo da mai ramuwa suna cikin ɗakin. Wanda ba a gani ba shi ne mai bincike, kuma ya daɗe bai iso ba.

Idon Matambayi labarin ɓarawo ne da abokan sana'arsa, da irin dabarun da suke ƙullawa su raba mutane da dukiyarsu. Mai karatu yana tafiya ne a bayan ɓarawon, yana jin abin da yake saƙawa, yana jiran ya ga ko dabarar za ta ci. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo ya san wannan zubi, domin Gizo ma ba mutumin kirki ba ne, amma don shi ake zama a saurara. Abin da Muhammadu Gwarzo ya yi shi ne ya tuɓe wa Gizo rigar dabba, ya sa shi cikin mutane, ya ba shi gari da kasuwa da hanya.

Zamanin ma ya taimaka masa. Yammacin Kano ƙasar iyaka ce tun fil azal. A ƙarni na 19 garuruwa irin su Gwarzo da Getso da Ƙaraye suna bakin hanyar mahara daga Maraɗi, mutanensu sun san zaman ganuwa da kwana da kunne ɗaya a buɗe. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 hari ya kau, sai wani sabon abu ya shigo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, sulalla suka maye gurbin wuri. Dukiyar da a da sai an ɗora wa jaki, yanzu tana shiga lalita. A farkon shekarun 1930 kuma kasuwar duniya ta faɗi, farashin gyaɗa ya karye, haraji kuwa bai jira kowa ba. Saurayin da ya zauna rubuta labari a irin wannan lokaci ba sai ya yi nisa ba kafin ya sami zancen ɓarayi, yana nan a bakin fatake da 'yan koli da masu zaman zaure.

Jiki Magayi ya fi Idon Matambayi nauyi, kuma shi ne uban duk labarin ramuwa da aka rubuta da Hausa bayansa. A garin Galma wani attajiri, Malam Shehu, yana da komai sai haihuwa. Ya yi mafarkin cewa in ya auri wata yarinya, Zainabu, zai sami ɗa. Zainabu kuwa tana da wanda take so, Abubakar. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da attajiri. Abubakar bai kai ƙara gaban alƙali ba, don ya san babu dokar da aka karya wadda zai kama. Sai ya bar gari, ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi, ya ƙarar da ƙuruciyarsa da abin hannunsa a wannan nema, har ya sami asirin da zai lalata ɗan da aka haifa. Yaron, wanda ake kira Kyauta, ya tashi ɓarawo, ya zame wa iyayensa abin kunya, ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai san shi ba ne.

A nan ne littafin ya nuna ƙarfinsa. An zalunci Abubakar, mai karatu ya yarda da haka tun daga shafukan farko, har yana taya shi jin zafi. Amma wanda ramuwar ta fi ci shi ne jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba. Littafin bai wanke Malam Shehu ba, bai kuma bar Abubakar ya fita da farin tufa ba. Tafida da East sun bi zaren gayya har inda ya ƙare, suka nuna gawa a can.

Shekara goma sha biyu ko sha uku bayan fitowar Jiki Magayi, a 1947, wani Ba'amurke mai suna Mickey Spillane ya fitar da littafin da ya zama madubin irin wannan labari a ƙasashen Turawa, I, the Jury. Tauraronsa Mike Hammer, mai binciken laifi ne mai zaman kansa a birnin New York. An harbe amininsa Jack Williams, tsohon soja wanda ya rasa hannu garin ceton ran Hammer a Yaƙin Duniya na Biyu. Hammer ya tsaya a kan gawar ya yi rantsuwa cewa shi zai gano mai kisan, shi zai kashe shi, ba zai bari a kai ga kotu ba. Sunan littafin ma abin da yake nufi ke nan, mutum ɗaya ya naɗa kansa masu yanke hukunci. Da bincike ya kai ƙarshe, sai ga shi macen da ya kamu da sonta ce, wata likitar ƙwaƙwalwa, Charlotte Manning. Ya harbe ta. An sayar da miliyoyin kofe, masu sharhi suna tir, masu saye suna ƙaruwa.

In aka ajiye littattafan biyu gefe da gefe, bambancin a fili yake. Hammer ya rama, labari ya ƙare, marubucin yana tsaye a bayansa. Abubakar ya rama, sai labarin ya buɗe sabon babin masifa. Wannan ba ya rasa nasaba da tarbiyyar da marubucin Hausa da mai karatunsa suka taso a ciki. A shari'ar Musulunci jinin wanda aka kashe haƙƙin danginsa ne, suna iya neman ƙisasi, suna iya karɓar diyya, suna iya yafewa, amma ta hannun alƙali ake bi. Wanda ya ɗauki wuƙa ya yanke wa kansa hukunci ya zama mai laifi na biyu. Bahaushe yana cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ba yabo yake yi ba in ya faɗa.

Akwai kuma dalilin da ya hana mai bincike zama tauraro a labarin Hausa, shi kuma na siyasa ne. Labarin bincike irin na Ingila, tun daga Sherlock Holmes, yana tsaye ne a kan yarda cewa in an gano gaskiya hukuma za ta yi aiki da ita. Talakan ƙasar Kano na zamanin En'e bai san hukuma ta wannan fuska ba. Wanda ya sani shi ne dogari da ɗan doka, masu zuwa kamun wanda bai biya haraji ba, masu tisa ƙeyar mutum zuwa gaban hakimi. A shekarun 1950, lokacin da NEPU ta Malam Aminu Kano take karawa da masu sarauta, 'yan doka ne ake turawa su watsa taro su kama 'yan jam'iyya. Mutumin da ake gudu in an hango jar hularsa ba zai zama gwarzon labarin da ake karantawa a zaure ba. In an yi sata a ƙauye kuwa, hanyoyin gano ɓarawo daban suke: a kira masu bin sawu, a kai magana gun mai unguwa da dagaci, a je wurin malami ko boka, in ta ƙi a ɗora wa wanda ake zargi Alƙur'ani ya rantse. Binciken na jama'a ne, ba na wani gwani guda mai tabarau ba.

Don haka zuriyar Idon Matambayi ta ci gaba da yaɗuwa ta gefen masu laifi. A shekarun 1950 Tanko Zango ya rubuta Da'u Fataken Dare, labarin 'yan fashi. Sa'idu Ahmed Daura ya kawo Tauraruwar Hamada, shi ma da gawurtaccen ɓarawo a tsakiyarsa. A 1978 Abdulƙadir Ɗangambo ya fitar da Kitsen Rogo, inda saurayi ya bar ƙauye ya shigo birni neman arziki, ya faɗa hannun miyagun abokai. Duk uban da ɗansa ya taɓa barin Kabo ko Garo ko Kutama ya tafi cin rani Kano ya san fargabar da ke cikin wannan littafi.

Kafin nan ƙasar da kanta ta sauya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar sojan Nijeriya daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000. Da aka ajiye makamai, ba duka suka koma rumbun gwamnati ba. Fashi da bindiga ya zama ruwan dare, har gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar 1970 mai hukunta ɗan fashi da kisa. A watan Satumba na 1971 aka harbe ɗan fashi Ishola Oyenusi a bakin teku a Legas, dubban mutane suna kallo. A wannan tsakanin ne aka narkar da 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan tarayya. A makarantun sakandare kuma, ɗalibai suna karɓa-karɓar littattafan James Hadley Chase, wani Baturen Ingila da ya rubuta labaran ta'addancin Amurka kusan 90, ana karanta su har bango ya yage. Mujallar hotuna ta African Film tana kawo Lance Spearman, baƙar fata mai bincike da kwat da hula da sigari. A 1977 kamfanin Macmillan ya fara jerin Pacesetters, kuma cikin na farko-farko akwai The Undesirable Element na wani matashi ɗan Kano, Mohammed Sule. Ɗan makarantar Arewa ya saba da bindiga da mota da gudun tsere a takarda, saura a ba shi su da harshensa.

Wanda ya ba shi su shi ne Bature Gagare na Katsina. Littafinsa Ƙarshen Alewa Ƙasa yana cikin waɗanda suka yi nasara a gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya, aka buga shi a 1982 tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona harkar fasa-ƙwauri da cin hanci, da Tsumangiyar Kan Hanya na Musa Mohammed Bello, da Zaɓi Naka na Munir Mohammed Katsina. A cikinsu na Gagare ya fi girma, ya kuma fi tayar da hankali. Tauraronsa Mailoma Bamaguje ne, ya sha zalunci a ƙauyensu, ya je yaƙi ya koyi kisa, ya dawo da gayya a ransa. Ya tara tsofaffin sojoji da 'yan iska, ya haɗa makamai da harkar tabar wiwi, ya kafa ƙungiyar da ta fi ƙarfin ƙauye ta fara barazana ga hukuma. Ƙarshensa hallaka, kamar yadda sunan littafin ya yi alkawari.

Mutumin Gwarzo ko Kabo da ya karanta wannan littafi ba baƙon wuri ya shiga ba. Maguzawa maƙwabtansa ne, domin yammacin Kano da kudancin Katsina suna cikin wuraren da suka fi yawa, ana cin kasuwa ɗaya da su, ana sayen dawarsu. Gagare ya ɗauko mutanen da adabin boko ya saba mantawa da su, ya sa su a tsakiyar fage, da bukukuwansu da rantsuwarsu da fushinsu. Wasu sun ƙi littafin saboda yawan jini da baƙar magana, kuma suna da hujja, don akwai wuraren da marubucin ya bar alƙalami ya zarce. Duk da haka, ba a rubuta wani littafin Hausa da ya kai shi bayyana yadda wanda aka zalunta yake rikiɗa ya fi azzaluminsa muni ba. Mailoma yana da ƙarfin hali irin na Mike Hammer da bindiga irin tasa, amma hukuncin da labarin ya yanke masa na gidan Jiki Magayi ne.

Shekara huɗu bayan fitowar Ƙarshen Alewa Ƙasa, rayuwa ta kawo nata labarin. A 1986 ɗan fashi Lawrence Anini ya addabi Benin da kewaye, yana harbin 'yan sanda da sunan ramuwa. Da aka kama shi a watan Disamba na shekarar, shari'a ta bankaɗo cewa wani babban ɗan sanda, George Iyamu, yana cikin masu taimaka wa ƙungiyar, shi ma aka yanke masa hukuncin kisa. An harbe Anini a watan Maris na 1987. Mai karatun da ya ji wannan a rediyo yana da dalilin ƙin yarda da labarin da zai ce masa jami'i ne mai ceto. A wannan shekara ta 1986 ɗin dai gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe tsohuwar hukumar tsaro ta NSO ta kafa SSS, kuma wanda aka fara ba shugabancinta ɗan sanda ne ɗan garin Gwarzo, Alhaji Isma'ila Gwarzo. Gari ɗaya ya ba Nijeriya marubucin labarin ɓarayi na farko da Hausa, ya kuma ba ta shugaban farko na 'yan sandan ciki.

Daga tsakiyar shekarun 1980 harkar ɗab'i ta koma hannun matasan Kano masu buga littafi da kuɗin aljihunsu. Soyayya ce ta cinye kasuwa, har aka riƙa kiran adabin duka da sunanta, amma a gefe akwai masu rubuta labaran bincike da leƙen asiri da ta'addanci, irin su Bala Anas Babinlata da Nazir Adam Salih. A hannun wannan zubi ne sufeto da jami'in farin kaya suka fara samun wuri a littafin Hausa, fiye da shekara hamsin bayan ɓarawo ya riga su shiga. Ko a nan ɗin ma, sau da yawa wanda ke bin sawun mai laifi ɗan wanda aka kashe ne, ko ƙaninsa, ko matarsa. Gayya ce take tura binciken, ba albashi ba.

Yau zancen ya wuce takarda. A Zamfara da Katsina, wadda iyakarta take 'yan kilomitoci kaɗan daga Gwarzo ta hanyar Dayi, rikicin 'yan bindiga ya yi ta ruruwa ne da ramuwa a kan ramuwa. An sace shanu, 'yan sa-kai sun kashe wanda suke zargi a kasuwa, 'yan'uwansa sun dawo da dare sun ƙone ƙauye, kowane ɓangare yana lissafa gawarwakinsa yana cewa shi aka fara taɓawa. Akwai Abubakar da yawa a dazukan nan, akwai Mailoma, akwai kuma dubban Kyauta, yaran da aka lalata musu rayuwa saboda gabar da aka ƙulla kafin a haife su. Marubutan shekarun 1930 da na 1982 sun riga sun zana taswirar wannan hanya, da inda take farawa da inda take kaiwa.

Cikin littattafan nan biyar na farko, Ruwan Bagaja bai taɓa barin aji ba. Shaihu Umar an juya shi zuwa Turanci, Adamu Halilu kuma ya mayar da shi fim a 1976. Ganɗoki da Jiki Magayi suna samun masu nazari a jami'o'i. Idon Matambayi ne aka fi bari a baya, ba kasafai ake ganinsa a teburin masu sayar da littattafai ba, kuma yara da yawa a garin marubucin sun gama sakandare ba su taɓa riƙe shi ba. Wannan gyara ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yan yankin masu hali, suna iya neman izinin masu haƙƙin littafin a sake buga shi, a haɗa da Jiki Magayi da Ƙarshen Alewa Ƙasa, a ajiye a kowace makarantar sakandare da ke kan wannan hanya, malaman Hausa su karanta su tare da ɗalibansu.